Tsohon allon shago: a ƙona, a binne, ko a miƙa wa 'yan gwangwan?

Mai Yadi a Kwari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar malamai da masu sana'a a kan wani abu da na lura yawancinmu 'yan kasuwa ba mu cika tsayawa mu yi masa tunani ba. Mun haɗa jari da ƙanena, mun sauya sunan shago, an kuma kafa sabon allo, sai dai tsohon yana nan jingine a lungu yana tare wa 'yan dako hanya. Akwatin ƙarfe ne mai dogayen ƙwayayen fitila a ciki, fuskarsa kuma fileks ce, wato ledar nan da ake buga talla a kanta, da aka ɗame a jikin firam. A samanta an rubuta Bismillah da Larabci, a tsakiya akwai sunan mahaifinmu wanda ke ɗauke da sunan Allah, a ƙasa kuma ga lambobin waya da lambar asusun banki. Yaran shago sun ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke shi gaba ɗaya, maƙwabcina kuwa ya ce a yage ledar a ƙona ta saboda sunan Allah da ke jiki, sannan a sayar da ƙarfen. Wace hanya ce ta fi dacewa ta fuskar addini da lafiya da haƙƙin maƙwabta?

Mai Walda a Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar sayarwa a sikeli, a fara duba ko firam ɗin ya mutu. Mafi yawan allunan da ake kawo mana da sunan sun tsufa, fuskarsu ce kawai ta koɗe, amma bututun ƙarfen da ke ciki lafiyarsa ƙalau, in ban da tsatsa a ƙafafu inda ruwa ke kwanciya. Irin wannan ana kankare shi da samfefa, a yanke inda ya ruɓe a yi masa ƙari, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a ɗame sabuwar fuska, ya koma aiki. Da kun tuntuɓi mai walda tun farko, mai yiwuwa da ba ku sayi sabon firam ba sam. Tunda an riga an yi sabo, to ka nemi mai buɗe sabon shago a layinku ka sayar masa, domin abin da zai ba ka ya fi abin da sikeli zai ba ka nesa ba kusa ba. In kuma ya ruɓe ƙwarai, muna yanka shi mu fitar da ƙafar benci, ko teburin mai shayi, ko ƙarfen taga.

Dillalin Gwangwan:
Alhaji, ranka ya daɗe, bari in faɗa maka gaskiyar abin da ke faruwa bayan yaro ya tura baronsa ya bar ƙofar shagonka, domin ni ake kawo wa kayan. Mu ba allo muke saye ba, nauyi muke saye, kuma kowane ƙarfe da farashinsa. Jar waya ita ce kan gaba, sai alminiyon, baƙin ƙarfe kuma shi ne na ƙarshe. Da mayen ƙarfe muke bambancewa: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, farin da ya ƙi kamawa kuma ga shi ba nauyi, galibi alminiyon ne. Baƙin ƙarfen a tirela ake loda shi zuwa kamfanonin narka ƙarfe, da yawansu a Legas da Ogun, inda ake mayar da shi rodin gini. Alminiyon kuma wani ya tafi kamfani, wani ya tafi wajen masu zuba tukwane.

Abin da ba ma saye shi ne fileks da ƙwan fitila da robar da ta farfashe. Yaron da ya ɗauki allonka ya san haka, saboda haka da ya sami kango ko bakin kwata zai tsaya ya yage ledar ya jefar, ya fasa ƙwayayen da dutse don ya ciri ɗan alminiyon da ke bakinsu, in kuma ya tara waya da yawa ya cinna mata wuta don robar ta narke jan ƙarfen ya fito. Ba na kare wannan ɗabi'a, amma yaron da ke yawo cikin rana tun safe ba zai ɗauki abin da ba za a biya shi a kansa ba. Wanda ya ce maka miƙa wa ɗan gwangwan allo sukutum shi ne tsafta, bai bi yaron ya ga inda ledar ta ƙare ba.

Mai Gyaran Lantarki:
Ina goyon bayan bayanin Dillali, kuma ina so in ja kunne a kan sauke allon kansa, ko da yake na Alhaji ya riga ya sauka. Kada wanda ya hau tsani don kawai an ɗauke wuta, domin a kasuwanninmu allo ɗaya yana iya kasancewa a kan layin janaretan haya ko na sola, kuma ana iya tayar da inji mutum yana riƙe da waya. A cire wayar daga tushenta, a naɗe bakinta da salatif, a kuma duba sama ko akwai wayar babban layi kusa, tunda dogon firam na ƙarfe ba ya buƙatar ya daɗe a jikinta kafin ya yi kisa. Tsofaffin allunan otal da gidajen sinima masu lanƙwasassun bututun gilashi masu haske kala-kala sun fi haɗari, saboda taransfomarsu tana iya kai ƙarfin wuta har bolt 15,000.

Idan allo ya sauka, tsarin da nake bi shi ne in fara zare ƙwayayen a hankali ba tare da sun fashe ba, in gwada su, domin sau da yawa wasu suna da rai. Daga nan in kwance cok da sitata, wato 'yan na'urorin da ke kunna ƙwan da daidaita masa wuta, da wayoyi. Cok irin na da mai nauyi, jar waya ce a naɗe a cikinsa, yana da kuɗi. Waya kuma da wuƙa ko reza ake feɗe ta a zare jan ƙarfen, ba a buƙatar wuta ko kaɗan, kuma wadda aka feɗe ta fi ƙonanniya daraja a wurin mai saye, in Dillali zai gaskata ni.

Dillalin Gwangwan:
Haka ne, Injiniya. Mai sheƙi ta fi wadda ta sha wuta ta yi baƙi kuɗi.

Malamar Kimiyya:
Ina yi wa kowa sallama. Maganar ƙwan fitila ce ta sa na sa baki, domin a nan ne haɗarin da ido ba ya gani yake. Kowane dogon ƙwai irin na fuloresan yana ɗauke da zaiba, wato makuri, 'yar kaɗan ce da ba ta wuce miligiram kaɗan ba, amma da zarar gilashin ya fashe sai ta fita ta zama tururi marar launi marar wari, wani ɓangarenta kuma ya maƙale a farar hodar da ke cikin bututun. Zaiba tana illa ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma 'yan tayi da ƙananan yara sun fi kowa saurin cutuwa da ita. Ƙwai ɗaya da ya fashe a fili ba zai kwantar da mutum ba, kada a tsorata jama'a, amma yaron da sana'arsa ke nan kullum, da kwatar da ake zuba ɓaraguzan ɗaruruwan ƙwayaye a cikinta duk shekara, lissafinsu daban ne.

Duniya ta ɗauki wannan magana da muhimmanci ne tun bayan abin da ya faru a garin Minamata na ƙasar Japan, inda a 1956 aka gano wata cuta da ta samo asali daga zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron da ƙasashen suka yi a Geneva a 2023 an amince a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, a 'yan shekarun nan tsofaffin alluna masu irin wannan fitila za su riƙa sauka da yawa ana maye gurbinsu da na LED, don haka tambayar Alhaji ta zo a kan gaɓa.

Idan ƙwai ya fashe a cikin shago, a fitar da mutane, a buɗe ƙofa iska ta ratsa na kamar minti 10, kada a share da tsintsiya domin tana tayar da hodar, a kwashe da kwali mai tauri, a dangwale ragowar da salatif ko jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba mai murfi. Waɗanda ba su fashe ba kuwa a mayar da su cikin kwalinsu ko a naɗe su da takarda a ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Game da sunan Allah da ke jikin allon, abin da malamai suka yi ittifaƙi a kansa shi ne ba ya halatta a wulaƙanta shi, kamar a jefa shi a bola, ko a taka shi, ko a shimfiɗa shi a zauna a kai. Maƙwabcin Alhaji bai yi magana ba tare da asali ba, domin ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Sayyidina Usman, Allah ya yarda da shi, bayan an rubuta Mus'hafi guda an aika kwafe-kwafensa zuwa garuruwa, ya yi umarni a ƙona sauran rubuce-rubucen. Da wannan ne malamai suka kafa hujjar halaccin ƙona takardar da ke ɗauke da ayoyi idan manufar ita ce kare ta daga wulaƙanci. Saboda haka ni a ganina, a yanke fuskar allon a ƙona ta a wuri mai tsarki, a binne tokar, shi ke nan an sauke nauyi.

Malamar Kimiyya:
Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, amma a nan zan saɓa maka, ba a kan hukuncin ba, a kan abin da za a ƙona ɗin. Fileks ba takarda ba ce, kuma ba fata ba ce. Zaren roba ne aka saƙa aka lulluɓe shi da wata irin roba da ake kira PVC, shi kuma PVC zalla fiye da rabin nauyinsa sinadarin kulorin ne. Idan ya hau wuta yana fitar da iska mai asid wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a irin wutar da muke hurawa a fili, mai hayaƙi marar zafi sosai, yana haifar da dayoksin, wanda ke cikin gubobin da ke daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi, kuma an tabbatar da alaƙarsa da ciwon daji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake ƙona shi ya san baƙin hayaƙin nan mai sa hawaye da tari. Sannan ba ya zama toka mai tsabta yadda takarda ke yi: narkewa yake yi ya dunƙule, kuma sau da yawa wani ɓangaren rubutun yana nan ana iya karanta shi a jikin dunƙulen. Ke nan ba a cimma manufar ba, an kuma cutar da mai asma da jaririn da ke goye a layin. A kasuwar yadi kuwa, inda kowane shago cike yake da abin da wuta ke so, ban ga wanda zai yarda a hura wuta ba bayan abin da aka gani a gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016.

Malamin Islamiyya:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ƙonawa hanya ce daga cikin hanyoyi, ba ita ce abin nufi ba, kuma malamai sun ambaci wasu biyu tare da ita: binnewa a wuri mai tsarki da ba a takawa, da wanke rubutun har ya goge. Tunda masana sun tabbatar da cutarwa a hayaƙin wannan leda, to hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa ya shigo, sai a koma ga sauran biyun. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne a bar Bismillah a jikin leda a miƙa wa wanda zai rufe kejin kaji da ita ko ya shimfiɗa ta a ƙasa. Na sha ganin haka a bakin hanya, mai kayan miya ya baza tumatir a kan tsohuwar ledar wa'azi da aya a jikinta, ga ƙafafun mutane suna bi ta gefenta. Tambayata ga masu buga ta ita ce, shin rubutun yana gogewa?

Mai Buga Fileks a Fagge:
Allah ya gafarta Malam, amsar ta danganta da yadda aka yi rubutun. Idan haruffan sitika ne aka yanka aka manna, kamar yadda ake yi a kan roba mai kama da gilashi ko farantin ƙarfe, to da ɗan zafi suke ɓamɓaruwa, har zafin rana tsaka ma yana taimakawa, kuma idan an ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya sun daina zama kalma. Idan kuwa inji ne ya buga, tawadar ta riga ta ci jikin ledar, ruwa da sabulu ba sa yi mata komai. Tina, wato ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, tana dusashe ta, amma aiki ne mai wahala a kan babbar fuska, ga warinta mai hawa kai, ga ta da saurin kama wuta. Abin da na fi ba abokan cinikina shawara shi ne a sa reza a yanke daidai gurbin da sunan Allah yake, wanda yawanci bai wuce tsawon hannu ba, a goge shi da tina a waje inda iska ke kaɗawa ko a naɗe shi a binne, sauran ledar kuma ta ci gaba da amfani. Haka nan a yanke gurbin lambar waya da ta asusu a daddatsa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin layin da aka daina amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani, kuma allon da ke ɗauke da sunan shagon da mutane suka sani, idan ya faɗa hannun macuci, ya ishe shi ya karɓi kuɗin jama'a da sunanka.

Ragowar ledar kuwa ba ta rasa masu so. Ana rufe buhunan siminti da ita, ana yin rumfa, masu ɗinkin kujerun babur da labulen adaidaita sahu suna saye, wasu teloli ma suna ɗinka jakunkunan cefane masu ƙarko da ita. Amma in faɗi gaskiya, sake narka ta a yi sabon abu yana da wuya ƙwarai, saboda zaren da robar a manne suke, shi ya sa masu niƙa roba ba sa karɓarta yadda suke karɓar jarka da bokiti. Duk abin da muke yi tsawaita mata rai ne kawai.

Hajiya Mai Kayan Miya:
Ina gaishe da iyaye da 'yan'uwa. Tunda Malam ya ambace mu, bari in yi magana a madadin masu shanya. Ba raini ne ke sa mu shimfiɗa ledar talla ba, tamfol sabo ya yi tsada, ita kuwa bayan kowane zaɓe kamar na 2023 a banza ake samunta ko a kuɗi kaɗan, kuma ta fi shanya barkono da kuɓewa a kan kwalta inda ƙura da taya ke bi. Maganar aya na karɓa, kuma zan faɗa wa abokan sana'ata. Sai dai ina so Malama ta gaya mini ko shanya abinci a kanta yana da illa, domin in an hana mu ita ba a ba mu madadinta ba, kwalta za a koma.

Malamar Kimiyya:
Hajiya, tambayarki ta fi ƙarfin amsar e ko a'a. Ba a yi fileks don ta taɓa abinci ba: tawadarta ta masana'anta ce, kuma akwai sinadaran da ake zuba wa PVC don ya yi laushi, waɗanda zafi da maiƙo ke taimaka wa su fita daga jikinsa. Don haka abu mai ruwa ko mai mai, kamar yankakken tumatir ɗanye, ko nama, ko ƙuli-ƙuli, ko awara, bai kamata ya kwanta a kanta kai tsaye ba, balle a naɗe abinci mai zafi da ita. Idan ba makawa, a kifa fuskar rubutun ƙasa, a shimfiɗa tabarma ko wankakken buhun abinci a sama, ledar ta zama kariya daga ƙasa kawai. Wadda ta fara tsattsagewa tana zubar da gari kuwa ta gama aiki. Ban ce ki koma kwalta ba, Hajiya, domin ita ma da nata dattin.

Dattijo daga Kaduna:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. A zamaninmu allon shago katako ne ko farantin ƙarfe, mai fenti ya zo da burushinsa ya rubuta da hannu, idan shago ya sauya hannu a shafe da farin fenti a sake rubutu, allo ɗaya ya yi wa mutum uku aiki. Wanda ya lalace kuma a kai Panteka, inda babu ƙarfen da ke kwana ba a san abin da za a yi da shi ba. Ban ce a koma baya ba, amma ku lura cewa abin da ya fi arha ranar saye shi ne ya fi wuyar rabuwa ranar zubarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da mutum ke ba da aikin allo ita ce ranar da ya kamata ya ce a ɗaura da noti maimakon a like da gam ko walda, a yi fuskar da za a iya zarewa, a kuma sa Bismillah a wani ɗan faranti daban wanda zai cire ya tafi da shi duk inda ya koma.

Ina da gargaɗi biyu kuma. Katakon da ya sha fentin mai kada a ba mai ƙosai ko mai gashi su hura wuta da shi, domin tsofaffin fentoci da yawa akwai dalma a cikinsu. Na biyu, allunan zamani masu sola suna da batir, kuma batir mai ruwa dalma ce da asid a cikinsa. A mayar da shi wurin masu sayar da batir, suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo, kada a bar yara su fasa shi. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, sama da 400, ko da yake ta hanyar haƙar zinare ce ta zo musu, ba zai yi wasa da ita ba.

Mai Walda a Ƙofar Ruwa:
Baba ya yi gaskiya a kan noti. Zan ƙara da farantan nan masu sheƙi da ake lulluɓe gaban bankuna da manyan shaguna da su, waɗanda ake kira Alucobond. Mutane suna ɗauka alminiyon ne zalla, alhali siraran fatu biyu ne na alminiyon da roba a tsakiya, shi ya sa wasu ke ƙona su don su raba. Irin wannan faranti mai roba a ciki ne ya sa wuta ta game benen Grenfell a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu, don haka kada a rufe kicin ko wurin janareta da shi. Amfaninsa shi ne a yanka a yi ƙananan alluna, ko ƙofar kabad, ko saman tebur.

Dillalin Gwangwan:
Akwai abin da nake so ƙungiyoyin kasuwa su ji. Sana'armu tana da amfanin da ba a faɗa: narka tsohon alminiyon yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na wutar da ake buƙata wajen yin sabo daga ma'adini. Amma sunanmu ya ɓaci saboda ɓata-garin da ke cire allunan hanya da murafen kwata da wayoyin fitilun titi, har ta kai gwamnatin Borno ta hana sana'ar a 2023, ko da yake can akwai dalilin tsaro. Saboda haka duk wanda zai sayar da allo, ya sayar wa dillali mai rumfa da aka sani, ya rubuta 'yar takarda cewa shi ya sayar, domin yaron da aka tare da allon shago a baro ba shi da abin da zai kare kansa. Kuma ku riƙa rarraba kayan kafin mu zo. Masu zuba tukwane suna narka duk abin da aka kawo musu, kuma idan alminiyon ya gauraya da abin da ke da dalma, a tukunyar tuwo zai ƙare.

Malamar Kimiyya:
Wannan batu na ƙarshe an yi bincike a kansa a Kamaru, aka buga a 2014, inda aka samu dalma tana fita daga tukwanen da aka zuba da tarkacen alminiyon. Game da hukuma kuma, tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin sharar kayan lantarki na 2011 da aka sabunta a 2022, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓar abin da ya mutu, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON don gudanar da wannan tsari. Sai dai kamfanonin da ke da injin sarrafa ƙwan fitila ba tare da zaibar ta tsere ba sun fi yawa a Legas, kuma babu wanda zai turo mota Kano saboda ƙwai huɗu na mutum ɗaya. Abin da zai yiwu shi ne ƙungiyar kasuwa ta ware durom mai murfi a ofishinta, kowa ya kai nasa a naɗe, idan ya taru a nemi NESREA ko REMASAB, hukumar kwashe shara ta Jihar Kano, su haɗa su da mai karɓa.

Mai Gyaran Lantarki:
Malama, shawarar tana da kyau, amma a gyara ta kaɗan. Dogon ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu ba ya shiga durom a rufe, kuma idan aka riƙa jefa su a tsaye ɗaya a kan ɗaya, na ƙasa za su farfashe, sai durom ɗin ya zama matattarar gubar da ake gudu, a cikin ofishin da mutane ke zama. Akwatin katako mai tsawo ya fi, a kwantar da su a jere da kwali a tsakani, a ajiye shi a rumfar da iska ke shiga kuma ruwa ba ya taɓawa, makulli a hannun mutum ɗaya. Sannan kafin a fara tarawa a samu wanda ya yi alkawarin karɓa a rubuce, a kuma san wanda zai biya kuɗin mota, domin in ba haka ba akwatin zai cika, shugabanci ya sauya, wanda ya gaje shi ya sa a kwashe a kai bola ranar tsaftar ƙarshen wata.

Mai Buga Fileks a Fagge:
Kuɗin motar a ɗora shi a kanmu masu yin alluna, mu kuma mu sa shi a cikin farashi, da sharaɗin duk wanda ya kafa sabon allo shi zai sauke tsohon ya tafi da shi, tunda mu ne ke da tsani da reza da sanin abin da ke ciki. Ni a shirye nake in fara, amma sai in ƙungiyarmu ta mayar da shi doka a kan kowa, domin in ni kaɗai na ƙara kuɗi, abokin ciniki zai tsallaka titi ya ba maƙwabcina aikin. Zan gabatar da maganar a zamanmu na gaba, kuma ina roƙon Injiniya ya aiko mini da awon akwatin da ya bayyana, tsawo da faɗi da zurfi, don in je da shi a rubuce.